Daga Passau Zuwa Vienna: Hanyar da Mai Keke Yake Sarki

Duk wanda ya iya hawa keke, kuma Allah ya hore masa halin taka ƙasar Turai, ina roƙonsa da babbar murya kada ya ƙarar da kwanakinsa tsakanin kantuna da tashoshin jirgin ƙasa. Ya nufi garin Passau da ke kudu maso gabashin Jamus, dab da iyakar Ostiriya, ya ɗauki hayar keke, ya ɗaure 'yar jakarsa a kariya, ya bi gaɓar kogin Danube har ya dangana da birnin Vienna. Tafiyar kilomita 320 ce da 'yan kai, kuma yawancin mutane cikin mako guda suke gama ta. Na bi wannan hanya da ƙafafuna, tun daga lokacin kuwa ba ni da hira sai tata. Wallahi ta kai ta kawo!

Abin da ya sace mini zuciya guda ne, sauran duk daga gare shi suka fito. A wannan hanya mai keke shi ne sarki. Dominsa aka shimfiɗa kwalta, dominsa aka kafa alluna a kowace mararraba, dominsa mai fito yake zaman jira a bakin ruwa, dominsa mai masauki ya ware ɗaki mai makulli don ajiye kekuna. A yawancin hanyar babu direban da zai ɗura maka hon a ka, babu babbar motar da za ta tura ka cikin ciyawa. Kai ne, da kogi a gefenka, da ƙarar tayarka a kan kwalta. Mutum sai ya ji ƙasa guda ta miƙe tsaye ta ce masa: sannu da zuwa, bismilla, hanya taka ce.

Hanyar kanta

Danube shi ne kogi na biyu a tsawo a Turai, bayan Volga. Yana da wajen kilomita 2,850, yana taɓa ƙasashe 10, yana ratsa manyan biranen ƙasashe huɗu: Vienna, Bratislava, Budapest da Belgrade. Yankin da nake yabo ɗan gutsure ne na doguwar hanyar keken nan da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar tekun Atlantika a Faransa ta ƙare a Baƙin Teku a Romaniya. Amma a duk tsawon nan, tsakanin Passau da Vienna ne ya fi suna, kuma wanda ya bi shi zai san dalili.

Asalin hanyar ta dawaki ce. Kafin zuwan jirgin ruwa mai tururi a ƙarni na 19, jirgin da zai haura kogi dawaki ne suke jansa da igiya daga bakin gaɓa, jere-jere, ana yi musu tsawa. Doki mai jan nauyi ba ya son hawa da gangara, don haka turbar da suka taka ta manne wa ruwa, ta kwanta lif. Ita aka gyara, aka zuba wa kwalta, aka miƙa wa masu keke. Kai da kake taka feda yau, gadon waɗannan dawaki kake ci.

Ga kuma wata garaɓasa. Tunda bin ruwa kake yi, gangara ce tun daga farko har ƙarshe, gangarar da ido ba ya gani amma gwiwa tana jin daɗinta. Bambancin tudu tsakanin Passau da Vienna bai kai mita 200 ba a duk wannan nisa. Iskar yankin kuma galibi daga yamma take busowa, kai kuwa gabas ka nufa, sai ta riƙa tallafa maka ta baya. Shi ya sa za ka ga dattijo mai furfura da matarsa sun wuce ka suna hira, ka ga uba yana jan 'yar tirela da jaririnsa yana barci a ciki, ka ga 'yan makaranta da jakunkunansu suna ta shewa. Duk wanda kuka yi kiciɓis sai ya ɗaga kai ya ce "Grüß Gott" ko "Servus", kafin la'asar kai ma bakinka ya saba.

Ɓata hanya sai da gangan. Koren allo mai hoton keke yana gaya maka sunan gari na gaba da nisansa. A bakin ruwa kuma akwai manyan lambobi na masu jirgi, waɗanda ake ƙirgawa tun daga inda kogin ya faɗa Baƙin Teku. A Passau sun haura 2,200, kana tafiya suna raguwa ɗaya-ɗaya, har ka shiga Vienna sun sauko ƙasa da 1,950. Duk lambar da ka wuce sai ka ji ƙarfi ya ƙaru maka.

Passau da gwiwar Schlögen

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Passau gari ne da koguna uku suka haɗu a cikinsa. Hau tudun tsohuwar ganuwar Veste Oberhaus, wadda aka fara ginawa a 1219, ka leƙo ƙasa. Ga Inn ya taho daga tsaunukan Alps da ruwansa kore mai fari-fari, ga ɗan ƙaramin Ilz ya fito daga daji baƙi wuluk, ga Danube a tsakiya. Sai su yi ta tafiya gefe da gefe, kowa da launinsa, kafin su yarda su gauraya. Tabarkalla! A babbar majami'ar garin akwai abin kiɗan nan na coci mai bututu 17,974, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. A jikin bangon gidan hukumar gari kuma an zana layukan da ambaliya ta kai a shekaru daban-daban. Sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga na 2013, lokacin da ruwa ya kai mita 12.89, na 1501 kuwa yana samansa. Da ka ga wannan bango ka san kogin da za ka yi abota da shi ba kanwar lasa ba ne.

Kana barin gari sai duwatsu masu lulluɓe da bishiyoyi su rufe ka hagu da dama. Da sassafe hazo yana kwance a kan ruwa, farin tsuntsun nan mai dogon wuya yana shawagi da 'ya'yansa, iska tana ƙamshin ɗanyen ganye. Ba ka daɗe ba sai ga madatsar Jochenstein, wadda Jamus da Ostiriya suka gina tare suka kammala a 1956. Ita ce ta farko cikin madatsu 10 masu samar da lantarki da ke kan Danube har cikin Vienna. Don Allah kada ka wuce ba ka tsaya kallon yadda jirgi yake ƙetare ta ba. Dogon jirgin kaya zai shiga wani ɗakin kankare, a rufe masa ƙofar ƙarfe ta baya, a buɗe wa ruwa hanya ta ƙasa. Kana tsaye kana kallo, wannan ƙaton abu zai riƙa tasowa a hankali har wajen mita goma, sannan a buɗe ƙofar gaba ya fice abinsa. Na kalla na sake kalla, ko sau ɗaya ban ƙosa ba.

Daga nan sai Schlögen, inda kogi ya ci karo da dutsen da ya fi ƙarfinsa. Da ya ga ba hanya sai ya juya baya gaba ɗaya, ya koma ta inda ya fito, ya sake juyowa ya kama gabansa. A nan turbar gaɓar arewa take ƙarewa, sai fito. 'Yan ƙananan jirage ne na katako masu rumfa, na masu keke da masu tafiya a ƙasa kawai. A wasu mashigan ƙararrawa ce rataye a jikin gungume, ka kaɗa ta, mai fito ya jiyo daga can tsallake ya taho. Ya sauke maka katako, ka tura keke, ka jingina shi da na wasu, ka miƙa 'yan kuɗi kaɗan, ruwa yana ta lasar gefen jirgi. Da ka sauka, ajiye keken ka hau dutse da ƙafa, hawan wajen rabin awa ta cikin daji. Can sama za ka fito wani dandamali, ka ga gwiwar kogin duka a ƙarƙashinka, kore shar ta ko'ina, jirgin yawon buɗe ido yana lanƙwasa a hankali. Ba a magana! Ko da a nan tafiyar ta ƙare, kuɗin jirgina ya halatta.

Linz da Mauthausen

Linz shi ne birni na uku a girma a Ostiriya, garin masana'antar ƙarfe da ya koma garin fasaha, har aka naɗa shi babban birnin al'adun Turai na 2009. Da dare ginin Ars Electronica Center da ke bakin ruwa yana sauya launi, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore, kogi yana mayar masa da haskensa. Nemi wurin shan shayi ka ce a ba ka Linzer Torte, wani kek mai garin 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da jar matsattsiyar 'ya'yan itace a tsakiya, wanda an samu yadda ake haɗa shi a rubuce tun 1653. Bayan yinin taka feda, kunnenka har motsi zai yi.

Gaba kaɗan da Linz akwai wurin da hira take ɗaukewa. A kan tudu, saman garin Mauthausen, sansanin da 'yan Nazi suka kafa ne a 1938. Kafin sojojin Amurka su buɗe ƙofarsa a ranar 5 ga Mayun 1945, mutum wajen 190,000 aka tsare a cikinsa da rassansa, aƙalla 90,000 kuma ba su fita da rai ba. A gefensa ramin fasa dutse yake, da matakala 186 da ake tilasta wa fursunoni masu yunwa su hau da manyan duwatsu a bayansu. Hawan tudun yana da wuya, mutane da yawa sauka suke yi su tura keke, amma ina roƙon duk wanda ya bi hanyar nan ya hau. Na ƙara ƙaunar wannan tafiya ne saboda ba ta ɓoye mini wurin ba. Kogin da ya nuna maka kyan da Allah ya shimfiɗa, shi ne ya kai ka ka ga iyakar muguntar ɗan Adam. Ka sauko jikinka a sanyaye, kana yi wa duniya addu'ar zaman lafiya da zuciya ɗaya.

Grein da Melk

Bayan ka ratsa shimfiɗaɗɗun gonakin masara da alkama, duwatsu sukan sake matsowa a Grein. A da nan ne masu jirgi suka fi tsoro, saboda duwatsun cikin ruwa da guguwar ruwa mai haɗiye jirgi da kayansa. Tun zamanin Sarauniya Maria Theresa aka fara fasa duwatsun, amma sai da aka gama madatsar Ybbs-Persenbeug a 1959 ruwan ya kwanta. Arzikin da mutanen garin suka tara wajen fitar da jirage daga wannan haɗari ya bar musu abin alfahari. Suna da ɗan gidan wasan kwaikwayo da suka gina a 1791 cikin tsohon rumbun hatsi, yana nan yadda yake, har da kujerun katako masu makulli, wanda mai kujera yakan kulle tasa ya tafi gida da mabuɗi. Ɗan ƙaramin gari, ga son abin kirki!

Melk kuwa tun daga nesa take sallama. Kana cikin tafiya sai ka hango wani gini rawaya a kan dutse, tsawonsa ya cika ido, da hasumiya biyu da ƙubba. Gidan 'yan zuhudun Kirista ne mabiya tafarkin Benedict, suna zaune a wurin tun 1089 ba yankewa. Ginin da ake gani yau maginin nan Jakob Prandtauer ne ya tsara shi, aka yi aikinsa tsakanin 1702 da 1736. Duk mai ƙaunar littafi ya shiga ɗakin karatunsu. Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, bayansu na fata mai ruwan zinariya, gidan kuma yana riƙe da wajen 100,000, da rubuce-rubucen hannu na ɗaruruwan shekaru. Har gobe akwai makarantar sakandare a ciki, sai ka ji hayaniyar yara tana tashi a farfajiyar da ta ga sarakuna.

Wachau, amaryar tafiya

Duk abin da na faɗa a baya share fage ne. Tsakanin Melk da Krems akwai kwari mai tsawon kilomita 36 da ake kira Wachau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. A nan babu madatsa, kogi yana gudu da ƙarfinsa na asali. An so a datse shi a shekarun 1970, mutanen kwarin suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba, kuma suka yi nasara. Allah ya saka musu da alheri, don da sun yi shiru da ba mu ga abin da muka gani ba.

Mene ne ba ka gani a Wachau? Tsaunuka ne da aka sassaƙa hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse da aka jera da hannu ba siminti, kowane hawa cike da kurangar inabi. Hanyar takan bar bakin ruwa ta kutsa cikin gonakin, ganye yana kusan shafar gwiwar hannunka, sannan ta shige ƙauyuka masu siraran lunguna da furanni a kowace taga: Spitz, Weißenkirchen, Dürnstein. Can tsallake kangon ganuwar Aggstein yana tsaye a kan tsinin dutse. A ƙauyen Willendorf, wanda kake wucewa ta gefensa, masu haƙar kayan tarihi suka tono wata 'yar siffar mace ta dutse a 1908. Tsawonta santimita 11 kacal, shekarunta sun haura 25,000, yanzu tana gidan tarihi a Vienna. Ashe tun wancan zamani ɗan Adam ya gane daɗin wannan kwari.

Sai kuma Marille. Ɗan itace ne mai launin ruwan lemo da ɗan ja a kumatu, fatarsa da laushin gashi-gashi, ƙwallo ɗaya a ciki. A watan Yuli yake nuna. Za ka tarar da ɗan tebur a bakin hanya, kwanduna jere, farashi a rubuce a kwali, ga akwatin kuɗi, mai kaya kuwa yana can gona. Ka jefa kuɗinka, ka ɗauki kwandonka. Ka matsa shi da yatsa biyu ya rabe gida biyu, ruwan ya gangaro maka har wuyan hannu, zaƙi da ɗan tsami-tsami, ɗumin rana yana jikinsa. Ka sha shi a kwalba da sanyinsa, ka shafa shi a burodi, ka ci shi a cikin dunƙulen ƙullu da aka dafa aka birkiɗa cikin soyayyen garin burodi da sukari. Amanar da ke kan wannan tebur ta yi mini daɗi daidai da abin da ke cikin kwandon.

A Spitz ka ƙetare ruwa ko da ba ka da abin yi a tsallake, don kawai ka hau jirgin fitonsu. Ba inji ne yake tura shi ba. An ɗaure igiyar ƙarfe can sama daga gaɓa zuwa gaɓa, jirgin yana rataye da ita ta wata igiyar mai 'yar taya. Matuƙi zai karkata jirgin kaɗan, ruwa ya bugi gefensa, tunda igiya ta hana shi bin ruwa sai ya zame zuwa ɗaya gaɓar. Babu hayaƙi, babu ruri, kogi da kansa yake ɗauke da kai da kekenka har da motoci. Hikima ke nan!

Dürnstein za ka gane ta da hasumiyarta mai shuɗi da fari a bakin ruwa. Ɗaga ido sama ka ga kangon ganuwa, to a nan aka tsare Sarki Richard na Ingila, mai laƙabin Zuciyar Zaki, wanda ya gwabza da Salahuddin Ayyubi. Bayan sun ƙulla sulhu a 1192 ya kamo hanyar gida a ɓoye. Sai dai tun a birnin Akka, lokacin yaƙin, ya ɓata da Leopold na Biyar, mai mulkin Ostiriya, kan wulaƙanta tutar Leopold da aka yi. Aka gane Richard kusa da Vienna a ƙarshen wannan shekara, aka kawo shi nan, daga baya aka miƙa shi ga sarkin daular Jamus, bai ga gida ba sai 1194 bayan an biya fansa mai nauyi ta azurfa. Tarihin da muka sha ji ta ɓangaren Salahuddin, ga ƙarshensa a gabanka, ka zo masa a kan keke. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Shiga Vienna

Bayan Krems ƙasa takan buɗe, hanya ta miƙe sak a kan gini mai tare ambaliya. A Zwentendorf za ka wuce wani ƙaton gini mai dogon bututu. Tashar nukiliya ce da aka gina aka gama, sannan aka tambayi jama'a a ƙuri'ar raba gardama ta 5 ga Nuwamban 1978. Kashi 50.5 cikin ɗari suka ce a'a, kuma ba a taɓa kunna ta ba. Yau horar da ma'aikata ake yi a cikinta, lantarkin da ke fitowa daga harabarta kuwa na hasken rana ne. Sai Tulln mai lambuna, mahaifar mai zanen nan Egon Schiele, sai Klosterneuburg, sai tsaunukan ƙarshe su ja gefe, dogayen gine-ginen Vienna su bayyana.

Har a babban birni ba a manta da kai ba. Akwai tsibiri siriri mai tsawon kilomita 21 da aka gina tsakanin 1972 da 1988 don kare birnin daga ambaliya, aka hana motocin jama'a shiga, aka bar wa masu keke da masu tattaki da masu iyo. Kana cikinsa ka dubi gaɓar arewa, za ka hango hasumiyar masallaci mai tsawon mita 32 da ƙubbarsa. Cibiyar Musulunci ta Vienna ke nan, wadda Sarki Faisal na Saudiyya ya ɗauki nauyin gininta, aka buɗe ta a 1979. Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912. Ka jingina keke, ka yi alwala, ka shiga sahu da Turkawa da 'yan Bosniya da Larabawa da 'yan Afirka, cinyoyinka suna zogi, zuciyarka fes. Babu hanyar rufe tafiya da ta fi wannan.

Ci, sha, salla da makwanci

Masauki ba ya wuya, daga otal zuwa ɗaki a gidan manomi zuwa filin kafa tanti. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar maka babbar jaka da mota kowace safiya, ka tarar da ita tana jiranka a masauki na gaba. Wanda gwiwarsa ba ta da ƙwari ya ɗauki keke mai batir. In taya ta yi faci, masu gyara suna nan a garuruwa, wasu wuraren ma akwai famfo da sifana a ɗaure a bakin hanya don kowa. Ruwan famfo ana shansa, sanyi ƙalau.

Naman alade yana da yawa a abincinsu, don haka ka tambaya kafin ka ci, za su gaya maka gaskiya. Shagunan Turkawa masu naman halal suna nan a Linz da Krems da Vienna. A ƙauyuka kuwa ka kama kifi da cuku da ƙwai da burodi. Kada ka bar Steckerlfisch, kifi guda da ake tsirewa a sanda a kafa gefen garwashi kamar yadda mai tsire yake jera nasa, fatar ta yi ƙus-ƙus da gishiri, cikin ya yi laushi. Wachau ƙasar masu giyar inabi ce, amma ruwan inabi da na Marille marasa sa maye suna kan kowane tebur. Salla kuwa, ga ciyawa mai tsabta, ga inuwa, ga rangwamen matafiyi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, yini ya yi maka tsawo har ka rasa yadda za ka yi da shi.

Akwai 'yan abubuwan da ya kamata ka shirya musu. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, sai ka yi guzuri tun Asabar. Yuli da Agusta akwai cunkoso, a kama ɗaki da wuri. Mayu, Yuni da Satumba sun fi sakewa. Sauro yana damu a dazuzzukan fadama da yamma, ruwan sama kuma yakan sauko ba sallama, don haka rigar ruwa ta zauna a saman jaka. Wando mai soso da hular kwano ma kada a bar su. Duk waɗannan ba su rage mini ko ƙwayar zarra daga daɗin tafiyar ba.

Jirgin ƙasa yana cinye wannan nisa cikin 'yan awowi, mai keke kuma ya yi mako yana tsintar abin da jirgin ya zubar: ƙamshin gona, gaisuwar tsohuwa a bakin ƙofa, ƙarar ƙararrawar mai fito. Ina ba wannan hanya maki cikakke, ina jinjina wa duk wanda ya sa hannu wajen gina ta da kula da ita, tun daga mai zuba kwalta har mai yanke ciyawar gefe. Kuma kogin bai ƙare a Vienna ba. A ƙarshen birnin akwai koren allo mai nuna Bratislava, tafiyar kusan kilomita 70, bayanta Budapest, bayanta Belgrade, har lambobin bakin ruwan nan su sauko sifiri a Baƙin Teku. In Allah ya ba da rai da lafiya, can na nufa, kuma ina neman abokan tafiya!